Hancin Kifi da Aljihun Saurayi

A 'yan shekarun nan wata sabuwar talla ta cika wayoyin samari: ruwan ƙamshin kiran kifi. Kwalba ce 'yar mitsitsiya, ba ta fi tsawon yatsa ba, an liƙa mata hoton ƙaton kifi baki buɗe. A bidiyon sai a ga mutum ya ɗiga ɗigo biyu a bakin tafki, kafin ƙiftawa da bismilla ruwa ya hau tafasa, kifaye suna hawa bayan juna. Ko tafkin na kiwo ne, ko kwana nawa kifayen suka yi da yunwa, bidiyon ba ya faɗa. Yaron da ke zuwa fatsa a madatsar Tiga ko a bakin kogin Haɗeja ranar da babu makaranta sai ya fasa asusunsa ya saya. Wanda bai samu ba ya nufi shagon kayan haɗa kek ya sayo filebo na ayaba ko na madara, ya kwaɓa da fulawa.

Da ya isa bakin ruwa zai tarar da wani tsoho a inda ya saba zama, da gwangwanin tana a gefensa da guntun ƙuli-ƙuli a aljihu. In la'asar ta yi sanyi, sau da yawa tsohon ne ke tashi da tarwaɗa a igiya, yaro kuma ya koma gida hannunsa na ƙamshin biki.

Kada a ɗauka ƙamshi a koto, wato abincin da ake maƙala wa ƙugiya ko a zuba cikin tarko, tatsuniya ce. Yana aiki, har ma da wuya a sami abin da ya fi shi jawo kifi a ruwa mai laka. Kuskuren yaron ɗaya ne: da nasa hancin ya auna, alhali kifi ne zai shaƙa.

Hancin kifi ba na numfashi ba ne. Yawancin kifayen ruwanmu suna da ƙofofi biyu a kowane gefen fuska, ruwa ya shiga ta gaba ya fita ta baya, a hanya ya bi ta kan wata tsoka mai ninki-ninki wadda ke karanta abin da ya narke a cikinsa. Kalmar da ya kamata matashi ya riƙe ke nan, narkewa. Ɗan Adam yana jin ƙamshin abin da ya tashi a iska, shi ya sa turaren wuta ke cika ɗaki. Kifi kuwa abin da ya narke a ruwa kaɗai ke isa gare shi. Turaren da zai sa a waiwayo a kasuwa, in mai ne zallansa, sai ya taso saman ruwa ya yi shimfiɗa mai walƙiya, iska ta kora shi gaɓa, tarwaɗar da ke kwance a ƙasa ba ta ma san an yi ba. Shi kuwa ruwan jikin tana, wanda hancin mutum ba ya jin komai a cikinsa sai ƙasa-ƙasa, a wurin kifi kamar an buga gangar cin abinci ne.

Ƙarfin wannan hanci ya wuce yadda ake zato. A wani bincike da aka wallafa a 1954, wasu masana biyu na Jami'ar Wisconsin a Amurka, Arthur Hasler da Warren Wisby, suka kama kifin salmon a rassa biyu na wani rafi a jihar Washington, suka toshe wa wasu hanci da auduga, suka mayar da su duka ƙasa da mahaɗar rassan suka sake. Waɗanda hancinsu ke buɗe, akasarinsu suka koma reshen da aka kamo su. Masu auduga suka rarrabu barkatai. Kifin yana gane rafin garinsu da ƙamshin ruwansa.

Tarwaɗa da danginta sun ƙara da wata baiwa. Gashin baki takwas ɗin nan da ke fuskarta harsuna ne, kuma ɗanɗanonta bai tsaya nan ba, ya bazu a fatar jiki har wutsiya. Wani masani mai suna Jelle Atema ya ƙididdige ƙwayoyin ɗanɗano a jikin wata 'yar'uwar tarwaɗa ta Amurka a 1971, ya sami wajen 175,000, alhali harshen mutum da ƙyar yake kaiwa 10,000. Kafin shi, a 1967, John Bardach da abokan aikinsa sun nuna cewa irin wannan kifi, ko an hana shi gani an kuma hana shi shaƙa, yana bin sawun ɗanɗano a ruwa har ya iske abincin. Daga baya John Caprio na Jami'ar Jihar Louisiana ya shafe shekaru yana auna abin da ke tayar da waɗannan ƙwayoyi, ya tarar cewa 'yan ƙananan tubalan da ake gina furotin da su ne, waɗanda masana ke kira amino asid, musamman alanin da arjinin. Ɗan abin da bai kai a gani ba a cikin ruwa mai yawa ya isa ya juyo da kifin.

To ina ake samun waɗannan tubala? A jikin duk wani abu mai rai da aka huda ko aka yanka. Tana da aka soka a ƙugiya tana zubar da su. Haka hantar kaza da hanjinta, da katantanwar da aka fasa, da fara, da gina da shinge a farkon damina, da ɗan kifin da aka tsaga. Tsohon da ke datse kan tana da farce kafin ya jefa bai taɓa jin sunan alanin ba, amma abin da yake saki a ruwa ke nan. Shi ya sa ma yake canja koton da ya daɗe. Tanar da ta yi rabin awa a ruwa ta koɗe ta yi fari, ruwa ya wanke abin da ke kiran kifi, saura fanko.

A nan akwai wata gardama da ake yi a bakin ruwa, wadda ya dace matashi ya san bakin zarenta. Wasu na cewa sai koto ya ruɓe ya yi ɗoyi tarwaɗa ke so. A Amurka ma akwai masu wannan ra'ayi, suna dama tsohon cuku da jini da hanta su bar shi a rana har maƙwabta su yi ƙorafi, kuma suna kama kifi da shi. Dalilin shi ne, in nama ya fara lalacewa, furotin ɗinsa na warwarewa, tubalan nan su fito su narke da sauri. Ɗoyin da ke toshe wa mutum hanci rakiya kawai ya yi. In aka bar abin ya zarce, sai ya zama ruwa-ruwa ya ƙi zama a ƙugiya, ga haɗari ga mai rauni a hannu, musamman wanda ƙayar tarwaɗa ko ta ƙurungu ta taɓa soka. Hanjin kaza na jiya ya wadatar. Na mako guda wahala ce da ɗaukar cuta.

Masuntan tafkin Kainji da na tafkin Chadi sun daɗe da gane wannan a aikace. Gura, tarkon nan na sanduna da raga wanda masunta 'yan Mali suka yaɗa a ruwayenmu, ba a cika nitsa shi haka nan ba. Ana saka masa curin dusa da aka dafa, ko ƙuli-ƙuli, ko guntun kifi, gwargwadon abin da ake nema. Dusa tana sakin gari a hankali, ƙananan kifi su taru, motsinsu ya jawo manya. Ƙuli-ƙuli kuwa, da aka matse mai daga gyaɗa aka bar tunkuza aka soya, ya zama curin furotin mai tauri wanda ke jiƙa sannu-sannu, yana yaɗa saƙonsa tsawon dare. A kudancin Najeriya ana yin irin wannan da rogo da 'ya'yan kwakwar manja. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, kusa da madatsar Kainji da aka kammala a 1968, ma'aikatanta sun sha gwada irin waɗannan kotuna a gura don ganin wanne ke kawo wane kifi. Ilimin da ake nema a kwalba yana nan a bakin jirgin kawu.

Wani abin mamaki shi ne sabulu. Masu shimfiɗa doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa sukan yanka sabulun wanki na sanda ƙanana-ƙanana su maƙala, tarwaɗa kuma ta ci. Ba a Afirka ta Yamma kaɗai ba, har a kudancin Amurka ana yi. Da kitse ko man tsiro ake yin sabulu, yana narkewa a hankali ya bar sawu a ruwa, ƙananan kifi kuma ba sa iya tsattsage shi kafin babba ya zo. Amma sabulun banza ake nufi, mara turare. Wanda ya ɗauko na wankan amarya ko mai maganin ƙuraje ya yi asarar sabulu da dare ɗaya.

Mai son gwaji, ga ɗakin girkin mahaifiyarsa. Daddawa kalwa ce da aka dafa aka rufe kwana biyu ko uku, ƙwayoyin halitta suka warware furotin ɗinta, shi ya sa take ba miya zaƙin nama. Abin da ke ba ta wannan daɗi yana narkewa a ruwa, kuma daga dangin tubalan da aka ambata yake. Masunta a Ingila suna biyan kuɗi mai kauri su sayi kwaɓaɓɓen jatan lande da aka tsima daga Malesiya, da garin hanta, da garin kifi, da maɗin rake, don zubawa a kotonsu. Matashin Yawuri ko na Nguru yana da daddawa, da ɓurɓushin busasshen kifi da ake sharewa a rumfar 'yan kifi, da mazarƙwaila, da ƙasarin wankin gero. Duk wanda ya lura da yadda kifi ke taruwa a mashayar da mata ke wanke tukwane da hatsi, ko ƙarƙashin ɓaure lokacin da 'ya'yansa ke faɗawa ruwa, ya ga darasin da idonsa.

Sai dai ba kowane kifi ake kira da hanci ba. Giwan ruwa maharbi ne, da ido yake farauta da kuma layin nan na gefen jiki mai jin motsin ruwa. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne ɗan kifi mai rai yana fafutika, ko ƙarfe mai walƙiya da ake ja. Tsage ma haka, mai haƙoran nan kamar ƙusa. A zuba musu daddawar duniya, ba za su ko waiwayo ba. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, bikin da hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ana fito da giwan ruwa daga Matan Fada da homa da gora da ƙarfin damtse, babu koto ko ɗaya. Karfasa kuwa mai kiwon gansakuka ce da tarkacen tsiro, bakinta ƙarami, ta fi son dusa da ɗan curin tuwo ko ƙaramar tana. Saboda haka tambayar farko ita ce wane kifi ake nema, yana cin me a wannan ruwa a wannan wata. Zancen ƙamshi sai bayan an amsa wannan.

Su kwalaben nan daga ina suka samo asali? Ɗaya daga tushensu Ingila ce, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa, don masu sayarwa rabinsa kawai suke faɗa.

Akwai wani kifi da Turawa ke kira kaf, mai kiwo a ƙasan tafki, mai wayo da tsawon rai. A rufin bakinsa akwai wata tsoka cike da ƙwayoyin ɗanɗano, yakan zuƙi abu ya juya shi, in bai yi masa ba ya tofar kafin masunci ya ankara. Turawan Ingila sun daɗe suna fama da shi. Tun a 1653 Izaak Walton, a littafinsa The Compleat Angler, ya ba da shawarar kwaɓa masa koto da zuma ko sukari. A watan Satumba na 1952 Richard Walker ya kama wani mai nauyin fam 44, kusan kilo 20, a wani ɗan tafki mai suna Redmire, aka kai kifin da ransa gidan namun daji na Landan. Da me ya kama shi? Da burodi.

Wajen ƙarshen shekarun 1960 wani masunci, Fred Wilton, ya zo da wani tunani. A ganinsa kifi yana gane abincin da ke gina masa jiki, in ya ci ya ji daɗin jikinsa zai riƙa neman irinsa. Sai ya haɗa furotin ɗin madara da yis da ƙwai, ya mulmula ƙanana, ya tsoma a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci don bayansu ya yi tauri, ƙananan kifi su kasa ci. Daga nan aka sami abin da suke kira boili. A tsarin Wilton, ƙamshi tambari ne kawai, kamar zanen da ke jikin buhun shinkafa, don kifi ya gane abincin da ya ci jiya ya amfane shi. Abin da ke cikin buhun shi ne magana.

Da kasuwa ta shigo a shekarun 1980, sai tambarin ya fi buhun tsada. Aka cika shaguna da ƙamshin 'ya'yan itace, da na kirim, da na ƙaguwa, kowanne da suna mai ɗaukar hankali, irin su Scopex da Tutti Frutti. Wasu sun kama kifi sosai, ba a musu. Amma a watan Yuni na 1980, a wannan tafki na Redmire, Chris Yates ya karya tarihin Walker da kifi mai fam 51 da ɗoriya, kilo 23 da wani abu, kuma kotonsa ƙwayoyin masarar gwangwani ne. Manyan kifaye biyu da suka fi suna a tarihin fatsar Ingila, ɗaya burodi ya kawo shi, ɗaya masara.

Akwai kuma dalilin da ya sa Bature ke yawan canja ƙamshi, wanda bai shafi masuncin Haɗeja ba. Su kama kifin suke yi su auna, su ɗauki hoto, su mayar ruwa. Wani masani ɗan ƙasar Holan, J. J. Beukema, ya nuna a 1970 cewa kaf ɗin da ƙugiya ta taɓa kamawa sau ɗaya yana wuyar sake kamuwa har bayan shekara. A tafkin da kowane kifi ya sha ƙugiya, dole a riƙa sauya tambari don a yaudare shi. Tarwaɗar da aka kama a nan kuwa tukunya za ta, ba ta komawa ta ba 'yan'uwanta labari. Wanda ya kwaso maganin matsalar Ingila ya kawo fadamar Nguru ya sayi maganin ciwon da ba shi da shi.

Ba Turawa kaɗai ke da wannan fasaha ba. A Afirka ta Kudu masu fatsa a madatsar Vaal suna dunƙula garin masara kamar ƙwallo a saman ƙugiya, su ɗiga masa ruwan ƙamshi mai launi. A Bengal ta ƙasar Indiya da Bangaladash kuwa akwai haɗin da suke kira car, wanda ake yi da hulba da wasu saiwoyi masu ƙamshi da man shanu, ana kuma sa ƙwan tururuwa a koto, kowane gida da sirrinsa. Ko'ina aka duba, abinci ne a ƙasa, ƙamshi ɗan kaɗan a sama.

Wannan "ɗan kaɗan" shi ne inda samari suka fi faɗuwa. Masu haɗa boili a Ingila galibi ba sa wuce ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na ruwan ƙamshi a kilo guda na gari. Yaro kuwa sai ya tuttula rabin kwalba a curi ɗaya, wai don kifi ya jiyo daga nesa. Halittar da ke jin abin da ido ba ya gani, in aka tura mata wannan, kamar a fesa wa mutum turare a cikin ido ne. Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne kanumfari. Ana samunsa a wasu haɗe-haɗen koto, ɗan ƙanƙani. Amma man kanumfari shi ne abin da masu kiwon kifi da masu bincike ke ɗigawa a ruwa in suna son kifi ya suma su auna shi ko su yi masa aiki. Abu ɗaya, awo ne ya raba kira da sumarwa. Tafarnuwa ma, wadda masunta a ƙasashe da yawa ke yabo, ƙwaya ɗaya da aka daka ta ishi kwanon koto. In mai kwaɓawa yana jin ƙamshin daga tsaye, ya riga ya yi yawa.

Yanayi ma yana da ta cewa. Jikin kifi yana bin zafin ruwa ne. Tarwaɗa ta fi cin abinci in ruwa ya kai wajen digiri 28 zuwa 30, karfasa kuma tana rage ci sosai in ya sauko ƙasa da 20. Da hunturu, lokacin da hazo ya rufe gari, kifi ya yi lakwas, ɗan abin da zai ci kaɗan ne, mai kuma yana daskarewa a ruwan sanyi ya riƙe ƙamshin a jikinsa. A irin wannan lokaci koto ƙarami mai saurin narkewa ya fi, kuma a jira rana ta ɗaga. Da bazara da farkon damina, sa'ad da sabon ruwa ya shigo da laka da ƙwari, kifi na yawo da yunwa, koto mai maiƙo kamar ƙuli-ƙuli yana sakin jiki.

Sannan akwai ƙamshin da masunci ke sakawa bai sani ba. A shekarun 1950 masana a yammacin Kanada suka lura cewa in mutum ya wanke hannu a saman matakalar ruwan da salmon ke hawa, kifayen sukan ja da baya su daina hawa na ɗan lokaci. Da aka bincika, aka gano wani amino asid mai suna serin da ke fita daga fatar mutum yana cikin abin da ke korarsu. Ba kowane kifi ke gudunsa haka ba, amma darasin a fili yake. Hannun da ya taɓa fetur ko baƙin man injin jirgi, ko kananzir, ko taba, ko maganin sauro na shafawa, in ya kama koto ya riga ya sa masa hannu. Tsohon da ke cusa hannunsa a laka ya murza kafin ya taɓa tana, yara na ɗauka al'ada ce kawai.

Kifi ma yana da nasa ƙamshin tsoro. A 1938 Karl von Frisch, masanin nan ɗan Ostiriya da ya sami kyautar Nobel a 1973, ya ga cewa in aka ji wa wani ɗan ƙaramin kifi rauni a fata aka mayar da shi cikin garkensa, sauran sukan watse. Fatar tana sakin wani sinadari mai gargaɗi. Dangin kaf da na tarwaɗa da na kawara suna cikin masu wannan hali. Saboda haka mai gyara kifi ya matsa ƙasa da inda ya jefa ƙugiya, kada ya wanke wuƙa a kan wurin.

Da aka ce ƙasa, an zo kan abin da ya fi kowace kwalba muhimmanci. Ƙamshi ba ya tafiya da ƙafarsa, ruwa ke ɗaukarsa. A kogi yana bin gangara ne kamar hayaƙi a iska, kifi kuma ya biyo shi yana haurowa. Wanda ya jefa koto ƙasa da ramin da kifi ke kwance ya aika saƙo inda babu kowa. Sai ya tsaya sama da ramin, sama da kututturen da ya nitse ko gindin ciyawa, ya bar ruwa ya kai. A tafki mara gudu kuwa ƙamshi na yaɗuwa a hankali ƙwarai, taku kaɗan ne, sai dai iska ta tura ruwan. Can dole koto ya je kusa da kifi, kuma gaɓar da iska ke bugawa ta fi tara abinci. Dabarar da ta fi ita ce sabo: a riƙa zuba ɗan dusa a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kwana uku ko huɗu, ba tare da ƙugiya ba. Ran na biyar kifi ya ɗauki wurin gidan abinci. Amma tafi ɗaya ko biyu, ba kwano ba. Abincin da ya yi saura yana ruɓewa ya cinye iskar da ke cikin ruwa. Tarwaɗa za ta jure, don tana da abin shaƙar iska a cikin kanta, karfasa kuwa sai a gan ta a sama tana haki, a ƙaramin kududdufi ma ta mutu.

Yaya matashi zai san ko haɗinsa na aiki? Ranar da aka yi sa'a kowa gwani ne, shi ya sa labarin bakin ruwa ba ya zama hujja. Hanya mai sauƙi ita ce fatsa biyu iri ɗaya, ƙugiya ɗaya, zurfi ɗaya, tazarar 'yan taku. Ɗaya da koto zalla, ɗaya da wanda aka ƙara wa daddawa ko tafarnuwa. Bayan awa guda a musanya musu wuri, don kada albarkar wuri ta zama ta ƙamshi. A rubuta a ɗan littafi: rana, lokaci, yanayin ruwa, abin da kowace ta kama. Fita ɗaya ba ta isa ba, sai goma ko fiye. Abu ɗaya ake canjawa a kowane gwaji, wanda ya zuba biyar a lokaci guda ba zai san wanne ya yi aikin ba. Yaron da ya yi haka damina ɗaya zai san ruwan garinsu fiye da mai kwalabe ashirin.

Tsofaffin masunta ba sa koyarwa da lacca, kuma ba sa son tambayar da ta zo tsaye. Wanda ya ce, "Baba, wane sirri kake sa wa?" dariya zai samu, ko a ce masa sa'a ce daga Allah. Wanda ya zo da asuba ya kwashe ruwan jirgi, ya riƙe igiya, ya ce, "Kawu, in kwaɓa maka dusar?" shi ne zai ga yawan ruwan da ake zubawa, da irin taurin da ake so, da inda ake nitsa gura in ruwa ya fara ja. Wata rana kuma a ce masa, "Kai yaro, wanke hannun nan tukuna, ka taɓa inji."

Akwai iyakar da bai kamata a tsallaka ba, kuma kwalbar talla takan kai yaro bakinta. Wanda ya saba da tunanin cewa akwai ruwan da za a zuba kifi ya taso, wata rana za a nuna masa wanda ke sa shi tasowa da gaske. An daɗe ana daka magimfa a zuba a kududdufi. Daga baya aka koma maganin ƙwari na gona, musamman Gammalin 20, wanda sinadarinsa lindan yana cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta a 2009 saboda yadda yake daɗewa a ƙasa da jikin mutum. Wannan kisa ne, ya haɗa da ƙwai da 'ya'yan kifi da kwaɗi, ya bi ruwan da shanu ke sha da wanda ake ɗiba a ƙauyen gaba, ya ƙare a miyar wanda ya saya a kasuwa. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta Najeriya, mai lamba 108 ta 1992, ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, kuma tun kafin ta Sarkin Ruwa yana hukunta mai yi. Duk kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, bai kamata ta taɓa ruwan da mutane ke sha ba.

Wanda zai fara gobe ba ya bukatar fiye da abin da ke gida. Dusar gero ko ta masara tafi uku, ƙuli-ƙuli biyu a daka, ɗan ɓurɓushin busasshen kifi, daddawa kamar girman ƙwayar gyaɗa. A zuba tafasasshen ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya kama jiki, in yana wargajewa a ƙara ɗan garin rogo. A raba biyu: kashi ɗaya a bar shi sako-sako don watsawa, ɗayan a murza shi ya yi danƙo don ƙugiya. A rufe da ganye a kwana. Tana kuma a haƙo ta da yamma a gindin randa ko bakin lambu, a sa ta a gwangwani da ƙasa mai laima, a huda murfin, a ajiye a inuwa nesa da jarkar fetur.